Yadda Dara Ta Ci Gida

Ragowar tuwon gero ce ta ja mini. Watan Agusta ne, damina ta kankama a Dakoro, makarantu suna hutu, ni kuwa ba gona ba jari. Na buɗe wani kwano da aka manta a bayan randa, sai ga fumfuna iri biyu, baƙa da koriya. Mai hankali da ya zubar. Ni mayar da murfin na yi, na riƙa leƙawa safe da yamma. Kowace daga ɗigo ta faro, tana miƙa siraran zare tana cin fili, har suka yi kiciɓis a tsakiya suka ja daga, kamar manomi da makiyayi a bakin burtali can kwarin Tarka.

Nan na ce na samo wasan da zai kori dara daga gari. Dara gurbi 30 gare ta, kowa da ƴaƴa 12. Ni na yanko kwalin sabulu na zana gida 81, ɗaya ya riƙe wake, ɗaya gyaɗa. Ba ka ajiye ƙwaya sai kusa da ƴar uwarta, kamar yadda fumfuna take tafiya. Bayan zagaye biyar kana da "iska", wato ka jefa ɗaya duk inda ka ga dama, yadda ƙurar irin fumfuna ke tashi ta faɗa wani kwanon. Wadda aka kewaye ta ruɓe. Mai gidaje da yawa shi ya ci.

Na kai wa tsofaffin da ke dara a gindin dogon yaro. Babbansu ya saurara har na dasa aya.

"Mushe," in ji shi (haka ake kiran malamin makaranta a nan, kada mutanen Kano su fara salati), "a cikin wasan nan naka, wane ne ruɓaɓɓen tuwon?"

"Baba, ai fagen ne tuwon. Mu ne fumfunar."

"To, Allah ya ƙara ilimi." Ya koma kan tsinkayensa.

Samarin fadar shayi ne suka rufa mini asiri, suka yarda muka buga. Na riƙe gyaɗa, na mamaye kusan rabin kwali, har na fara tunanin farashin da zan sa masa a kasuwar Maraɗi. Can sai na ga ƙasata tana raguwa, alhali ba wanda ya kewaye ni. Na ɗago kai. Mai dafa shayi yana fifita gawayi da hannu ɗaya, bakinsa na motsi. Laifina ne, soyayyiya na sayo.

Ban gama jinyar wannan ba, wani ɗalibi da ya zo hutu ya ce ai mutanen Sin suna da wasan kewaye irin wannan fiye da shekara 2000, ana ce masa Go, mai gurbi 361.

"Da fumfuna?" na tambaya.

"A'a, Mushe, da duwatsu. Ba a tauna su."

Sai hadari ya taso, ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Na naɗe jiƙaƙƙen kwalina da sauran waken a ciki, na cusa shi bayan randa, na manta.

Da mako ya zagayo uwargida ta jawo shi da yatsu biyu, ta toshe hanci. "Malam, wa ya ci?"

Na tsuguna na ƙirga tsakani da Allah. Baƙa gida 52, koriya 29, waken ma har ya tsiro. Kwalin yana juji yanzu. Duk ran da na bi ta gindin dogon yaro, Baba kan ɗago kai ya tambaye ni lafiyar tuwo.