Bokaye Uku a Teburin Mai Shayi

Ranar da malaminmu na adabin Turanci ya ɗaga littafin a gaban aji ya ce a kansa za a yi jarrabawar ƙarshen zango, har hamdala na yi a zuci. Ɗan siriri ne, aljihun kaftani ma zai ɗauke shi. Malam ya ce duk cikin wasannin Shekisfiya masu ƙarewa da mutuwa babu wanda ya kai Makbet gajarta, an rubuta shi wajen 1606, ba a buga shi ba sai 1623, bayan mai shi ya shekara bakwai a kabari. Ya ce jigonsa buri ne, yadda son mulki ya kai wani jarumin Sikotlan ya baro. Na rubuta "buri" na ja masa layi biyu. Ni ma a lokacin ina da nawa. Akwai wata yarinya 'yar Gyallesu da ke zama a layin gaba, tun da muka shiga makarantar ba ta taɓa barin kowa ya ɗanɗana na ɗaya ba. Na ƙudurta a raina bana sai na sauke ta.

Da na buɗe littafin a gida na gane sirantar tasa yaudara ce. Kowane shafi, 'yan layukan wasa a sama, tulin bayanin kalmomi a ƙasa, bayanin ma yana neman mai yi masa bayani. Na taka daga Tudun Wada har kamfanin Gaskiya a Tudun Jukun neman fassara, don na san Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da wani wasan mutumin nan Hausa tun 1971, da sunan Daren Sha Biyu. Shi kuwa na samu. Na karanta shi tas, na sha dariya, amma labarin tagwaye ne da soyayya, ko kaza ba a yanka ba a ciki. A littafin nawa kuwa, gabatarwar kaɗai nake iya karantawa ba ciwon kai, saboda wani ɗan zamani ne ya rubuta ta. Ita kam na haddace ta har da shekarun.

Ana cikin haka na faɗa hannun mutanen nan. Akwai wani mai shayi kusa da shataletalen Agoro, kullum bayan isha'i za ka tarar da su a benci ɗaya, su uku: dogo, gajere, da mai gemu. Sun riga mu shiga makarantar, kuma bisa ga dukkan alamu za mu riga su fita. Darasin Makbet sun ɗauke shi sun sake ɗauka, abin da ɗalibai ke kira kari-oba, har sun zama iyayen gida a kansa. Mai gemun ya hango littafin a hannuna ya yi murmushi.

"Ɗan'uwa, rage wahalar da kanka," in ji shi. "Gobe ma Malam ba zai shigo aji ba."

Washegari Malam bai shigo ba. Sai daga baya na ji ashe gidan su mai gemu yana kallon gidan Malam, ya ga ana ɗaure kayan biki a kan mota. A lokacin kuwa jikina har rawa yake. Da daddare na koma na sa aka haɗa musu shayi mai kauri, da burodi, da wainar ƙwai, na zauna a gabansu.

Dogon ya ce, "Dole a yi tambaya a kan matar babban mutumin nan da ta mutu a wasan."

Gajeren ya ce, "Da kuma wanda ya hau gadon Sarki Dankan."

Mai gemu ya suɗe yatsa ya ce, "In ka tsaya a kan waɗannan, ranar da za a liƙa sakamako sunanka ne a sama."

Wa zai tsaya karanta babi biyar bayan an yi masa irin wannan gata? Na naɗe sauran littafin na tattara hankalina a kan Makbet da matarsa. Malam ya sha faɗa mana wasan kwaikwayo ba a karanta shi da ido kawai, sai an tashi an aikata, shi ne yake zama a kai. Na zaɓi wurin nan na babi na biyar inda matar ke tashi cikin barci da fitila tana yawo, tana ta murza hannuwa saboda jinin sarkin da take gani a kansu.

Hunturu ne, an ɗauke wuta, gida ya yi tsit. Na kunna kyandir na fito tsakar gida. Sanyi ya sa na zare tsohon mayafin Inna daga igiyar shanya na lulluɓa. Sai na ga abin ba zai yi armashi ba in ba jini. Inna kuwa zoɓo take yi na sayarwa, ta dafa na gobe ta bar shi a bokiti yana hucewa. Na tsoma hannu biyu har gwiwar hannu, na nufi bakin rijiya, na tsuguna gaban buta ina wankewa ina sambatu. Da yake Turancin ya ƙi zama a bakina, sai na riƙa juya maganar da Hausa yadda na fahimce ta: ga tsoho an kashe, ga jini ya ƙi fita, ga mijina matsoraci. Na tashi na zaga rijiyar, na dawo, na sake tsomawa a bokiti, na sake wankewa.

A cikin wasan akwai likita da wata mai hidima da suka laɓe suna kallon matar. A gidanmu Inna ce da Kaka, a bayan labule.

Abin da ya dagula lissafi shi ne Baba mai gyaran rediyo, wani dattijo da ke haya a shagon zaurenmu. Kwana biyu ba a gan shi ba, ƙofarsa da kwaɗo. Kuma duk layin an san mun yi cacar baki da shi a kan wata rediyota da ya karɓa tun damina ya ce gobe.

Da safe ban ga koko ba. Kawu na gani, an taso shi daga cikin birni tun asuba, ya shigo da wani malami mai ruƙiyya da jakarsa a kafaɗa. Aka shimfiɗa tabarma aka zaunar da ni a tsakiya.

"Ina Baba mai rediyo?" in ji Kawu.

"Kawu, ni ina zan sani?"

"To jinin wa kake wankewa da tsakar dare, da mayafin uwarka a ka?"

"Ba jini ba ne, zoɓo ne."

Inna, wadda tun ɗazu take sharar hawaye, ta tsaya cak. "Wane zoɓon?"

Daga yadda ta kalle ni na fahimci da jinin ne da abin ya fi mini sauƙi.

Na juya wajen malamin. "Allah gafarta Malam, karatu ne fa. Labarin wani mutum ne da wasu bokaye mata uku masu gemu suka tare shi a hanya."

"Suka tare ka a ina?"

"Ba ni ba, shi."

"Haka suke cewa dukansu," ya ce wa Kawu a hankali. Ya ce in ci gaba. Na ce daga nan mutumin ya fara ganin wuƙa tana shawagi a iska, can gaba kuma aka ce masa daji yana tafiya. Malam ya ƙara barbaɗa habbatus sauda a garwashi, ya matso da kaskon kusa da hancina. Cikin tari da hawaye na ɗauko hujjar da nake ganin za ta wanke ni. Na ce littafin sananne ne a duniya, a Ingila ma 'yan wasa ba sa ambatar sunansa a cikin gidan wasa, sai dai su ce wasan Sikotlan, don suna ganin yana jawo tsautsayi.

"Su masu shi suna tsoron kiran sunansa," in ji Inna, "kai ka kawo mini shi ɗaki kana kwana da shi?"

Aka yi ta tofi har azahar. Inna ta kawo wa baƙi tuwo, an buɗe kwano ke nan sai ga sallama daga zaure. Baba mai rediyo ne, da 'yar jakarsa da ƙurar hanya, ya dawo daga Makarfi sunan jikansa. Ya ga tabarma da tuwo, ya jawo buta ya wanke hannu ya zauna kusa da Kawu. Kaka ta fito daga madafi riƙe da ƙarin miya, ta ɗaga ido ta gan shi, ta saki kwanon ta koma da baya tana salati. Akwai wani wuri a babi na uku inda fatalwar Banko, abokin da Makbet ya sa aka kashe, ta zo ta zauna a mazauninsa ana tsakiyar walima. Na sha karanta shi ban ga abin tsoro a ciki ba sai ranar. Bambancin kawai, tamu fatalwar ta cinye nata ta nemi ƙari.

Rubutun dai tun da an riga an wanke allo sai da na shanye. Kuɗin zoɓo kuma Inna ta riƙa cirewa daga kuɗin motata har zango ya ƙare.

Da magariba Kaka ta kira ni ɗakinta. "Maigida, zo ka ba ni labarin nan da ya kusa haukata mini miji. Tun daga farko, kuma da Hausar mutane."

Na fara. Da na ambaci Sarki Dankan ta ce ɗan Kano ne? Na ce a'a. Ta ce to Allah ya ji ƙansa duk da haka. Da ta ji baƙunci sarkin ya zo gidan Makbet aka yanka shi yana barci, ta riƙe haɓa. Da ta ji matar ce ta zuga shi, ta tambaya ko uwar mijin na gidan. Na ce ba a ambace ta ba. Ta ce ai ga abin nan. Na kai wurin da aka tabbatar wa Makbet cewa duk wanda mace ta haifa ba zai iya da shi ba, ashe shi Makdaf da ya sare kansa ciro shi aka yi daga cikin uwarsa. Kaka ta yi tsaki.

"Yo fiɗa aka yi mata! A asibitin nan na Tudun Wada mata nawa aka yi wa? In don wannan ne, yaran layin nan ma sun ishe shi."

Batun dajin Barnam kuwa, da na ce sojoji ne suka sari rassa suka rufa da su suna tahowa, dariya ta yi har da tari. Sannan ta ce, "Maigida, boka ba ya yi maka ƙarya tsagwaronta, in ya yi haka wa zai koma? Gaskiya yake ba ka, amma ya gutsure wutsiyar ya riƙe. Kai da kanka za ka ƙarasa sauran da abin da ranka yake so." Muka taru muka yi wa Makbet dariyar wauta, ni da ita.

Ranar jarrabawa na shiga da biro biyu. Na juya takarda. Tambaya ta farko a kan matar Makdaf ce, wadda sau ɗaya tak ta fito a duk wasan, a babi na huɗu, kafin 'yan ta'addan Makbet su hallaka ta da 'ya'yanta. Matar babban mutum ce, ta kuma mutu. Ta biyu a kan Malkam ce, ɗan Dankan, da yadda ya gwada amanar Makdaf a Ingila. Shi ne ya hau gadon ubansa a shafin ƙarshe. Duka biyun suna cikin shafukan da na naɗe.

Ban yarda na miƙa farar takarda ba. Na zazzage musu gabatarwa. Na rubuta cewa Makbet na gaskiya ya mulki Sikotlan daga 1040 zuwa 1057, a fagen yaƙi ya kashe Dankan ba a kan gado ba, kuma mulkinsa ya zauna har ya samu sukunin zuwa Rum a 1050. Na ce daga littafin tarihin Holinshed Shekisfiya ya ɗauko labarin ya lanƙwasa shi don ya faranta wa Sarki Jemis, wanda ya hau gadon Ingila a 1603, yake ɗaukar kansa jinin Banko, kuma shi da kansa ya wallafa littafi a kan mayu a 1597. Har yau ina ganin amsa ce mai kyau. Malam dai da jan biro ya tambaya a gefe ko zauren jarrabawar tarihi nake nema na ɓace. Tambaya ta uku ta ce a tattauna rawar da bokayen suka taka. Nan na juye maganar Kaka zuwa Turanci, har da wutsiyar. A nan kaɗai na ga maki.

Da aka liƙa sakamako na kutsa cikin taro na ɗaga kai. Sunana ne a sama. Takardar masu maimaita darasin ce, an jera ta bisa haruffa, sunana kuwa da A ya fara. 'Yar Gyallesu tana saman ɗaya takardar.

Ban tsaya ko'ina ba sai Agoro. Na tarar da su a bencinsu, na ce su biya ni kuɗin shayina da ƙwaina. Mai gemu ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Tsakaninka da Allah, a cikin ukun wanne ne bai faru ba?" Na buɗe baki na rufe. Dogon ya matsa, gajeren ya matsa, wuri ya samu a ƙarshen benci. Ƙafafuna sun gaji, na zauna.

Da sabon zango ya kewayo, wani dare muna zaune sai ga wani yaro ya zo sayen burodi, da ɗan siririn littafi sabo fil a hammata. Da rana na riga na ji mai gemu yana cewa ya ga ana ɗaure kaya a ƙofar gidan Malam. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ɗan'uwa," na ce, "gobe fa Malam ba zai shigo aji ba."

Washegari bayan isha'i yaron ya dawo yana haki. Mai shayi bai ko tambaya ba, ya jawo kofi huɗu ya fara fasa ƙwai.