Ɗan Akwatin Da Ya Raba Mini Kan Gida

Da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023, duhun bai dame ni sosai ba, don na kowa ne. Layin da ke tasowa daga Katsina zuwa tashar Gazawa shi ke ba mu kuran, kuma daga Agye har Gidan Rumji kowa ya san inda zai kai fushinsa. Duhu mai ciwo shi ne wanda ya same ni bayan an maido da wutar a Maris na 2024: unguwa tar da haske, gidana kaɗai dunɗum.

Sanadin wani ɗan akwati ne da na sa aka ɗaura kusa da kontar, saboda yara masu taɓa firigo da jiƙaƙƙen hannu. An rubuta 30 mA a goshinsa. Da bazara lafiya lau muka zauna. Damina na sauka, ga ta ta 2024 mai ruwa, sai ya fara: ƙas! Da asuba ƙas, ana tsakiyar labarai ƙas.

Uwargida, mai sana'ar ƙanƙara da kunun aya, ta ce dutsen gugar amarya ne. Amarya ta ce, "Yaya, wannan firigon naki na hannu ai ya girme ni." Inna kuwa, mai ɗumama ruwan alwala da 'yar hita, ta ce ita ba ruwanta, a nemi malam.

Na zauna shari'a. Na jona firigo shi kaɗai, shiru. Dutsen guga shi kaɗai, shiru. Hita ita kaɗai, shiru. Kowa ya fita da gaskiyarsa, har da guɗa. Washegari da asuba, ƙas! Kunun aya ya yi tsami, ƙanƙara ta koma ruwa, masu saye suka koma gidan maƙwabci. Aka turara gida har kaji suka yi tari. Ƙanena, wanda ya taɓa gyaran rediyo, ya ɗaure hannun akwatin sama da robar taya. Hannun ya tsaya ƙyam, wutar ta ɗauke abinta. Ashe haka aka ƙera shi, daga ciki yake sakewa ko an riƙe shi.

Ƙarshe na ɗauko mai gyaran wuta daga Gazawa. Ya saurari kowa, ya fito da ma'auni ya bi wayoyin.

"Alhaji, wannan abu kamar uwar 'yar talla yake. Yana lissafa kuran da ya fita ta waya ɗaya da wanda ya dawo ta ɗayar. In akwai giɓi, to wani ya zurare ƙasa, ta jikin ƙarfe ko ta jikin mutum, sai ya yanke."

Ya ce 30 ɗin nan iyaka ce ta sama, daga 15 ma yana da ikon yankewa. Firigo na yoyon 8, dutsen guga 6, hitar Inna 10, kuma danshin damina na ƙara musu. Kowane shi kaɗai bai isa ba. Da asuba ne suke haɗuwa: Inna na ɗumama ruwa, amarya na gugar kayan makaranta, firigo na ruri.

"To wa ke da laifi?" in ji uwargida.

"Hajiya, ku duka."

Ban taɓa ganin matana sun haɗa kai ba irin ranar. Da ƙyar na fitar da bawan Allah ta ƙofar baya.

Shawararsa ita ce a raba layin gida biyu, kowane da akwatinsa, a kuma sake hita. Kuɗin bai samu ba tukuna, don haka aka yi rabon kwana: firigo dare da rana, Inna da asuba, amarya ta koma dutsen gawayi, ni nake sayen gawayin. In ka zo Agye ka ga gida mai kontar ana fifita dutsen guga a ƙofarsa, nawa ne. Shigo, kunun aya ya gyaru, dala ashirin ne.