Mota Mai Ladabi

Dattawan Kankara sun daɗe suna ƙorafin cewa samarin yanzu sun daina durƙusawa in za su gaida manya. To, ina yi musu albishir: ladabin bai ɓace ba, ya koma jikin mota ne.

Ɗan yayata ya sayar da masararsa a kasuwar Dandume, ya haɗa da kuɗin auduga, ya sayo Honda 'yar Kwatano. Muka yi masa addu'a, muka ce Allah ya tsare. Bayan mako biyu ya tafi Kano, sai ga motar ta dawo tana jan ciki kamar ƙadangare. Bakanike ya yanke mata sifirin, an cire wili mai inci 15 an sa mai inci 18, yana ƙyalli kamar kwanon jeren amarya.

Na ce, "Kai yaro, wa ya danne ta?"

Ya ce, "Kawu, ai yayi ne. Ba ka ganin su a TikTok?"

Ya zaunar da ni ya yi mini karatu. Tsohuwar tayar an rubuta mata 195/65 R15, wato faɗinta milimita 195, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari na faɗin, kusan santimita 13 ke nan na roba da iska tsakanin ƙarfe da ƙasa. Sabuwar kuwa 225/40 R18 ce, gefenta santimita 9 kacal. Ya ce in an auna tsayin ƙafar gaba ɗaya kusan ɗaya suke, don haka agogon gudu ba zai yi ƙarya ba. Lissafinsa daidai ne. Abu ɗaya ya manta bai sa a ciki ba: ramin hanya.

Wannan robar da ya rage ita ce katifar mota. In taya ta faɗa rami, ita ke shanye dukan. Da ta sirance, sai dukan ya wuce kai tsaye kan wili, ya lanƙwashe ko ya tsage, tayar ta fito da ƙulu kamar goshin yaron da ya yi karo da bango. Mai facin bakin tasha yanzu har gida yake zuwa gaishe shi, ya ce tun da ya fara sana'a bai taɓa samun mai riƙon zumunci irinsa ba.

Ranar kai amarya Sabuwa aka yi ta ta ƙare. A garinmu mota ba ta mai ita ba ce shi kaɗai, ta dangi ce. Gwaggwanni huɗu suka shige baya, aka cusa buhun shinkafa da kwallar alkaki a but. Nan take tayoyin baya suka soma goga jikin mota, ƙauri ya tashi. Da muka iso tudun rage gudu na farko, yaron ya karkace sitiyari ya hau a kaikaice kamar kaguwa, duk da haka salansa ta yi ƙara ta ce ba da ita ba.

Ya waiwaya a ladabce ya ce, "Gwaggo, don Allah ku ɗan sauka."

Haka aka yi ta yi a kowane tudu: su sauka, motar ta haye, su koma. Babbar cikinsu ta ce da ta san da ƙafa za a je, da ta sa silifas. Wata tsohuwar Fijo 504, irin waɗanda aka soma haɗawa a Kaduna tun shekarun 1970, ta wuce mu ɗauke da awaki daga wajen Sheme ta Faskari, direban har da ɗaga mana hannu. Ga shi a yankin nan kowa burinsa ya isa gida kafin magariba.

Washegari yaron ya sa aka canja sifirin, aka mayar da tsofaffin tayoyin, motar ta miƙe tsaye abinta. Na ce alhamdulillahi, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ashe kafin la'asar abokansa uku sun zo suna rigima a kan wa zai sayi wilin.