Jadawalin da aka hana taɓawa

Duk wayar Android da ke jiran caji a rumfunan Gaya da Ajingi tana ɗauke da wata 'yar manhajar adana bayanai mai suna SQLite, wadda Ba'amurke Richard Hipp ya fitar a shekarar 2000. Ita ke riƙe lambobin dangi da hirar WhatsApp, har da saƙon "gobe in Allah ya yarda zan turo" na wanda ake bi bashi tun bara.

A cikinta akwai jadawali guda, sqlite_master, wanda ba ruwansa da hirar kowa. Aikinsa sanin sauran jadawalai: sunan kowanne, tsarinsa, da shafin da ya fara. Tamkar littafin dagaci mai iyakokin gonaki. Goge layi ɗaya, gero na nan tsaye, amma ba mai iya cewa na wane ne.

Shi ya sa aka kulle shi. Ka kai hannu, ta ce ba a gyara wannan. Sai dai umarni ɗaya tak, writable_schema, yana buɗe shi, tare da gargaɗin cewa bayananka na iya lalacewa. Mai ƙaiƙayin hannu kuwa, gargaɗi gayyata ce a wurinsa.

A Disambar 2018 aka ƙara wata sakata da mai haɗa manhaja zai iya dannawa tun daga ciki, umarnin ya tashi aiki. Ita kuwa PostgreSQL, wata manhajar adana bayanai daban, ta bar makullin nata a hannun babban mai kula da rumbun bayanan kaɗai, wato mutumin da in ya yi ɓarna ba mai iya yi masa faɗa.