Rabe-raben Mutanen da ke Zaune da Akuya a Ƙasar Gwiwa

A ƙauyukan ƙaramar hukumar Gwiwa, wadda ke cikin masarautar Kazaure a kan iyakar Jigawa da Katsina, da wuya a shiga gida ba a tarar da turke ba, wato guntun icen da ake kafawa don ɗaure dabba, kuma galibin abin da ake ɗaurewa jar akuya ce, irin ta Sakkwato da Maraɗi, wadda fatarta ta daɗe tana ratsa Sahara har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce. Halin wannan dabba guda ne a ko'ina, domin ba ta wuce abu ba ta kai masa leɓe ba, ko ƙullu ne, ko sabulu, ko gefen zanen da aka shanya. Bambancin yana wurin mutanen da ke zaune da ita, waɗanda ake iya kasawa gida biyar.

Kashi na farko su ne masu musu, waɗanda suka yi imani cewa akuyarsu 'yar gidan mutunci ce. Idan aka kamo ta da gari fari fat a gemu, uwar ɗakinta za ta rantse cewa tun asuba tana turke, sa'an nan ta tambaya ko tata ce kaɗai ja a garin, tambayar da ke kashe bakin kowa a ƙasar da kusan duk awaki jajaye ne. Ko yankan kunne, wanda shi ne shaidar da ake yi wa dabba, ba ya raba wannan gardama, domin akuya ta yi wayo da yankakken kunne, mai ita kuwa ta fi ta.

Na biyu su ne masu lissafi, waɗanda suka san cewa cikin akuya wata 5 ne kuma takan haifi tagwaye, saboda haka tun ranar barbara sun gama sayen gado da katifa na 'yar da ba ta gama firamare ba. Wannan kashi ya ƙara yawa a zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar, daga 2015 zuwa 2023, lokacin da aka raba wa mata awaki uku-uku don su ja jari. Abin da ba ya shiga lissafinsu shi ne ledar da akuya ke haɗiya a bola, wadda ke cunkushe tumbi har dabba ta rame tana tsaye a kan dusa.

Na uku su ne masu shanya, kuma su ne suka fi ban tausayi. Mai shanya takan baza gero a tabarma, ta ɗora ɗan shekara shida a kan gadi da tsumagiya a hannu, gadin da ke ƙarewa da zarar an ji ƙarar ƙwallo a waje. Makaminta na ƙarshe takalmi ne, wanda bisa al'ada yakan kuskure akuya ya sami kwanon miya.

Na huɗu su ne masu ƙara, waɗanda kasuwarsu ke ci da damina, lokacin da doka ta hana sakin dabbobi daga shuka har girbi. Mai ƙara yakan jawo akuya ta ƙaho har ƙofar mai unguwa, da guntun ganyen wake a aljihu a matsayin hujja, ya ƙiyasta ɓarnar mudu biyu a kan buhu guda. Idan kaka ta yi, aka ga bunsurunsa a kan katanga yana zarar harawar maƙwabta, wato busasshen ganyen wake da ake adanawa don rani, sai ya tuna cewa dabba ba ta da hankali kuma haƙuri maganin zaman duniya ne.

Na biyar su ne masana, waɗanda ba su taɓa mallakar ko kaza ba. Masani yakan tashi daga inuwar gawo, ya matsa gadon bayan akuyar mutane, ya buɗe bakinta, ya ga babu haƙoran gaba a sama, ya yanke hukunci cewa ta tsufa, alhali kuwa haka aka halicci kowace akuya. Yana kuma da farashin kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis a ka, ko da yake ƙafarsa ba ta taɓa wuce Kazaure ba.

Abin lura shi ne mutum guda kan ratsa galibin kashin nan biyar a shekara ɗaya, gwargwadon ko akuyarsa ce ta ci ko shanyarsa aka cinye. Shi ya sa hukuncin dattawa bai canza ba: a gyara danga, a tanadi harawa, a ƙara ƙulli a turke, domin igiya ta fi biyan ɓarna araha.