Sayen Keken Burji Ba Sai An Sayar Da Ɗan Kunne Ba

'Yar'uwa, tunda kin ƙudura sai kin hau keken burji, mai lanƙwasasshen kai irin na tsere da tayoyi masu kauri, wanda dillalai ke kira girabul, to kada ƙanenki ya ji labari tukuna. Da ya ji zai ce shi zai raka ki kasuwa, kuma duk keken da ya yaba za ki tarar daidai tsawonsa ne. Kafin wata ya zagayo keke ya zama nasa, ke sai aro.

Maganar duk ta tsawo ce. Dillali zai rantse miki cewa don ke aka ƙera keken nan, irin rantsuwar da ya yi wa wani dogo ɗazu da safe. Kada ki yi musu da shi. Ki ƙetara keken, ki tsaya da ƙafa biyu a ƙasa. In babu ratar yatsu biyu tsakaninki da ƙarfen sama, ki ce masa Allah ya ba da kasuwa. In akwai, ki hau, ki kama kan, ki matsa birki. Yatsunki su kai cikin sauƙi, ba kina miƙewa kamar mai shanya a igiyar da ta fi ta tsawo ba. Faɗin kan manyan kekuna yakan kai santimita 42 ko 44, mai ƙaramar kafaɗa kuwa 38 ko 40 ya fi mata daɗi. Sirdi ana ɗagawa, ana saukewa, kai ma ana canjawa, amma firam in ya yi miki yawa babu bakaniken da zai rage shi.

Za a jawo miki mai ruwan hoda a ce na mata ne, a ɗora kuɗi a kai. Fenti ba ya taka feda. Akwai dai masu yin keken mata da gaske, wato Liv, reshen kamfanin Giant, kuma Devote ɗinsu na burji ne. In kin same shi ya zauna miki, madalla. In ba haka ba, ƙaramin Triban na Decathlon ko Nicasio na Marin zai kai ki inda za ki.

Sai kuma dillali ya ɗaga wani da yatsa biyu ya ce kabon ne. Ki ce ma sha Allah, ki wuce wajen na alminiyom. Pauline Ferrand-Prévot, wadda ta ci gasar duniya ta farko ta keken burji a Italiya a 2022, ita ce ke lissafin giram. Ke gorar ruwanki kaɗai ta kusa cinye bambancin. Ga shi kabon in ya tsage, mai walda a bakin titi ba shi da maganinsa.

Haka batun giya. Shimano ta fitar da GRX a 2019 musamman don burji, yana da kyau, yana da tsada. Claris mai hawa 8 ko Sora mai hawa 9 sun ishe ki, sarƙarsu ma ta fi araha. Birki ki nemi na faifai mai waya, wanda mai gyaran unguwa zai iya ɗaure miki. Taya kuwa kada ta gaza milimita 38, in firam zai ɗauki 45 ya fi, don yashi ba ya raga wa siririyar taya.

In keken na hannu ne, ki kifa shi. Ki bi mahaɗar ƙarfe da ido ko akwai tsaga, ki juya kowace ƙafa ki ga ko tana rawa. Ki sa a kwance sandar sirdi a gabanki, don wata ta maƙale tun a Turai, sai dai ki yi ta hawa da tsawon mai shi na farko. Ki karɓi rasit mai lambar firam.

Kada kuɗin duk su ƙare a keke. Akwai hular kwano, da faci, da tub na ajiya saboda ƙaya, da sirdin da ya dace da ke in na kan keken yana cizo. Ki duba bawul kuma. Yawancin kekunan nan siririn bawul gare su, Presta, wanda famfon mai faci ba ya kamawa sai da ɗan mahaɗi. Ki saye shi tun a shagon, ki jefa a jaka.

Sarƙa tana da kwaɗayin bakin zani da jelar hijabi, don haka ki sa wando, ki tattare abin da ke lilo. Ranar farko kilomita 5 ta isa, da sassafe kafin rana ta buɗe, kuma ki tafi da ƙawa.