Na'urar da ta fi ni farin jini

Ranar da na sayo na'urar Wi-Fi, mai shago ya ce ai ko ɗan firamare zai iya haɗa ta. Gaskiyarsa. Ni ne dai ban cika sharaɗin ba, don na daɗe da barin firamare.

Na jona ta da wuta, fitilu suka hau ƙifce-ƙifce. A gindinta akwai 'yar takarda mai mitsi-mitsin rubutu, sai da na ari tabarau ɗin Hajiya kafin na gano 192.168.1.1. Na buga a waya, aka ce in kawo suna da kalmar sirri. Duka biyun wai "admin". Wannan ai kulle ƙofa ne a rataye makulli a jikinta.

Auta ya karɓe wayar. "Baba, layi biyu gare ta: 5 ya fi gudu, amma 2.4 ne ya fi ratsa bango." Na ce a ba mu mai ratsa bangon, tunda ɗakina yana ƙurya. Ashe katangar waje ma ba ta tare shi. Kafin magariba dakalin ƙofar gidana ya cika da samarin da ba su taɓa gaishe ni ba, kowa kai a sunkuye kamar zaman makoki.

An ce kalmar sirrin shiga Wi-Fi ɗin sai ta kai harafi 8, ni kuwa na sa 12345678. Washegari na canza ta da wata mai wuyar gaske, har ni ma ta gagare ni. Yanzu tsinken sakace nake nema in danna ɗan ramin nan na bayan na'urar, mu koma farko.